Babi na Bakwai: Ranar da Aka Kama Ƙauyukan Gabashin Ingila

A yammacin 15 ga Fabrairu 1942 Janar Arthur Percival ya miƙa wuya ga Janar Tomoyuki Yamashita a masana'antar motoci ta Ford da ke Bukit Timah, a tsibirin Singafo. Kafin gari ya waye sojoji wajen 80,000 sun zama fursunonin yaƙi a hannun Japan: 'yan Birtaniya, 'yan Ostireliya, da Indiyawa masu ɗimbin yawa. Masu rubuta tarihin yaƙi sun daɗe suna jujjuya wannan rana. Sun ƙirga jiragen saman da ba a aika ba, sun auna sakacin hafsoshi, sun raba laifi tsakanin Landan da Singafo, kuma akasarin abin da suka faɗa gaskiya ne. Sai dai lissafinsu na runduna ne, shi kuwa lissafin runduna ba ya nuna inda nauyi ya sauka. A cikin Birtaniya nauyin wannan rana ya taru ne a kan larduna uku na manoma da ke gabashin Ingila, wato Norfolk da Suffolk da Cambridgeshire, ƙasar alkama da sha'ir da dankali, inda mutum kan tashi har ya tsufa bai yi nisa da cocin ƙauyensu ba. Abin da nake so in tabbatar a wannan babi shi ne, idan aka ɗebi sojoji daga wuri ɗaya, aka kuma kama su a rana ɗaya, to garin ne gaba ɗaya ya shiga hannu, har da waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba. Wanda yake son sanin abin da zaman fursuna ke yi wa jama'a, sai ya bar taswirar janarori ya duba littafin ƙauye.

A karkarar Ingila mafi ƙanƙantar yankin mulki shi ne gundumar coci: ƙauye ɗaya ko biyu, da gonakinsu, da cocin da ke tsakiya, da maƙabarta a harabarsa. Tun 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, gwamnati ta umarci kowane limamin coci ya riƙe littafin da zai riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Norfolk kaɗai tana da tsofaffin coci-coci fiye da 600 da ke tsaye har yau. Ƙauyen Ingila ke nan, wuri ne da ya saba rubuta mutanensa. A kan wannan shimfiɗa aka ɗora rundunar soja. Daga 1881 aka ɗaure kusan kowace rajimanti ta sojan ƙasa da lardinta, ta ɗauki sunansa, ta riƙa ɗibar kurata daga cikinsa. A 1908 aka kafa rundunar 'yan sa-kai na gida, mutanen da ke aikinsu na gona ko kanti ko tashar jirgin ƙasa, su je fareti da yamma a zauren atisaye na garinsu, su kuma yi sansanin mako biyu sau ɗaya a shekara. A watan Maris 1939, da gwamnati ta ga yaƙi da Jamus ya ƙarato, sai ta ce a ninka wannan runduna, hanyar ninkawar kuwa ita ce kowace bataliya ta fitar da ta biyu daga ƙasar da ita kanta ta fito. Wanda ya shiga sai ya jawo ƙanensa, ya jawo abokin aikinsa, ya jawo mijin ƙanwarsa. Saje mutum ne da ka saba gani a kasuwa, hafsa kuma sau da yawa ɗan mai gona ne ko lauyan gari.

Daga irin waɗannan mutane aka haɗa Runduna ta 18. Tana da bataliyoyi tara na sojan ƙasa, bakwai daga cikinsu na lardunan nan uku ne: ta 4 da ta 5 da ta 6 na Royal Norfolk, ta 4 da ta 5 na Suffolk, ta 1 da ta 2 na Cambridgeshire. A ƙarshen Oktoba 1941 suka bar Birtaniya, suka sauya zuwa jiragen ruwan Amurka a Halifax ta Kanada, da niyyar kai su Gabas ta Tsakiya. Suna cikin teku, sun doshi Cape Town, Japan ta kai hari Pearl Harbor ta kuma sauke sojojinta a Malaya, sai aka karkatar da su gabas. Birged ta 53, wani ɓangare na rundunar, ta sauka Singafo ranar 13 ga Janairu 1942, bayan kusan mako goma sha ɗaya a cikin jirgi, nan da nan aka tura ta dajin Johor ta tari abokan gabar da ba ta taɓa koyon yaƙi da irinsu ba. Mafi yawan sauran sun iso ranar 29 ga Janairu. Na ƙarshe sun iso ranar 5 ga Fabrairu, ranar da jiragen saman Japan suka ƙona jirgin ruwan Empress of Asia a bakin tsibirin. Firaminista Churchill da kansa ya yi tunanin ko a juya waɗannan sojoji zuwa Bama, gwamnatin Ostireliya ta nuna ba za ta lamunci a saki Singafo ba, sai aka bar jiragen suka ci gaba. Ga wanda ya sauka ranar 29 ga Janairu, yaƙinsa kwana 17 ne. Zaman fursunansa kuwa shekara uku da rabi, in har ya kai ƙarshe. Wajen kashi ɗaya cikin uku na rundunar ba su kai ba, har da kwamandanta, Manjo Janar Merton Beckwith-Smith, wanda ya mutu a sansanin fursunoni a Taiwan a Nuwamba 1942.

Yanzu mu koma ƙauye, domin a nan ne tarihin runduna yake yin shiru. Abin da ya fara isowa gidaje shi ne takarda daga ma'aikatar yaƙi mai cewa ba a san inda mutum yake ba. Bayan ta sai shiru. Japan ta sa hannu a Yarjejeniyar Geneva ta 1929 kan fursunonin yaƙi amma ba ta tabbatar da ita ba, don haka sunayen waɗanda ke hannunta a hankali suka riƙa fitowa, kuma ba ta bar wakilan Red Cross sun shiga sansanonin Tailan da Bama ba. Iyalai da yawa sun haura shekara guda kafin su ji ko ɗansu yana da rai. Abin da yakan zo ma kati ne da Japanawa suka riga suka buga jimlolinsa, fursuna ya soke wanda bai dace ba ya sa hannu, kuma katin kan yi watanni a hanya, har ya iso bayan mai shi ya rasu. Sai ranar 28 ga Janairu 1944 ministan harkokin waje Anthony Eden ya tsaya a majalisa ya faɗa wa ƙasa a fili irin halin da fursunonin ke ciki. Mai karatu da ya yi zaman zaure zai gane girman wannan matsala, domin malaman Malikiyya sun ware mata babi: matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi an yanka mata shekara huɗu sannan ta yi idda, amma matar wanda ke tsare a hannun abokan gaba ba a yanka mata irin wannan wa'adi ba, tana nan a matsayin matar aure muddin ana ciyar da ita, har a tabbatar da mutuwarsa ko shekarun da ba ya iya wucewa su cika. Malaman sun gane cewa fursuna yana ɗaure wasu tare da shi. A ƙauyen Norfolk wannan ɗauri ya zo wa gidaje da yawa lokaci ɗaya. A birni mace kan yi jiran mijinta cikin maƙwabtan da nasu ke wasu wurare daban. A ƙauye kuwa mai jira tana zaune da masu jiran abu ɗaya, kowa ya san ƙofar da mai kai wasiƙa ya ƙwanƙwasa da wadda ya wuce, har murnar gida ɗaya ta zama hujjar fargabar na kusa da shi.

Lardin Norfolk ya riga ya san kamu kafin Singafo, abin da ya sa mutanensa suke da ma'aunin gwadawa. Ranar 27 ga Mayu 1940 sojojin SS na Jamus suka harbe 'yan bataliya ta 2 ta Royal Norfolk su 97 a Le Paradis ta Faransa bayan sun ajiye makamai. Ranar 12 ga Yuni na wannan shekara aka kama akasarin bataliya ta 7 a Saint-Valery tare da Runduna ta 51 ta mutanen tsaunukan Sikotilan. Waɗannan na biyun sun yi shekara biyar a sansanonin Jamus da Folan, sun sha yunwa da sanyi da aikin tilas, amma wasiƙa tana zuwa tana komawa, ƙunshin abinci na Red Cross yana isa gare su. Alƙaluman da aka gabatar a kotun laifukan yaƙi ta Tokyo sun nuna cewa cikin fursunonin Birtaniya da Amurka da ke hannun Jamus da Italiya wajen kashi 4 cikin 100 ne suka mutu, a hannun Japan kuwa kashi 27. Duka biyun fursunan yaƙi ake ce musu, amma uwar da ɗanta ke Jamus da uwar da ɗanta ke Tailan, ko da benci ɗaya suke zama a coci, ba abu ɗaya suke jira ba.

Abin da ya ci mafi yawansu shi ne layin dogo. Japan tana buƙatar hanyar kai wa sojojinta na Bama kaya ba tare da ta bi ta teku ba, inda jiragen ƙarƙashin ruwa ke jiran ta, don haka ta ƙudura shimfiɗa layi mai tsawon kilomita 415 daga yankin Ban Pong na Tailan zuwa Thanbyuzayat ta Bama, ta cikin daji da duwatsu. An fara a tsakiyar 1942, aka haɗe ɓangarorin biyu a Oktoba 1943. Fursunonin yaƙi wajen 60,000 aka sa a aikin, fiye da 12,000 suka mutu. Daga Singafo a taragun ƙarfe na dakon kaya ake ɗibar su, mutum kusan 30 a tarago, tafiyar kwana biyar. Abincinsu farar shinkafa ce da aka cashe har ta rasa amfaninta, sai jiki ya kumbura, ƙafa ta mutu, ido ya dushe. Zazzaɓin cizon sauro da atini sun zama abin yau da kullum. Ƙaramin ƙwarzane na gora kan rikiɗe ya zama gyambon da ke cin nama har ƙashi, likitocin da ke cikin fursunoni suna kankare shi da cokalin da aka wasa, in ya ƙi a yanke ƙafar. Da daminar 1943 ta sauka, injiniyoyin Japan suka matsa a gama aiki da gaggawa, kwalara kuma ta ɓarke a sansanonin da ke can cikin daji. Duk wanda ya ɗauki sunayen da ke kan dutsen tunawa na wani ƙauye a waɗannan larduna ya bi kwanakin mutuwarsu a rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi, zai ga yadda sukan cunkushe tsakanin Yuni da Disamba 1943. Zai kuma riƙa cin karo da ranaku biyu na Satumba 1944. Ranar 12 ga wata jiragen ƙarƙashin ruwa na Amurka suka nutsar da jiragen ruwan Japan Rakuyo Maru da Kachidoki Maru, ranar 21 kuma jiragen samanta suka nutsar da Hofuku Maru kusa da Luzon, inda fiye da mutum 1,000 suka halaka. Jiragen cike suke da fursunoni da ake kai su Japan aiki, ba a kuwa sa musu wata alama ba. A babban cocin Ely an rubuta sunayen 'yan rajimantin Cambridgeshire 784 da suka mutu a yaƙin, mafi yawansu a tsare.

Akwai mai cewa, to ai ɗibar soja daga gari ɗaya ita ce ta ceci waɗanda suka tsira, kuma maganarsa tana da ƙarfi. Kusan duk wanda ya fito daga layin dogon ya ba da labarin ƙungiyar mutum biyu ko uku ko huɗu da ke raba duk abin da suka samu, ɗaya ya kwanta sauran su karɓo masa shinkafarsa, su wanke shi, su tilasta masa ci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wanda kuwa kuka yi makaranta tare ya fi baƙo saurin kama maka. Har alƙaluma ma suna goyon bayan wannan. A Afrilu 1943 aka kwashi mutum wajen 7,000 daga sansanin Changi na Singafo, ayarin da ake kira F Force, aka kai su Tailan, aka sa su tafiyar ƙasa ta kusan kilomita 300 zuwa kan iyakar Bama. Cikin 'yan Ostireliyan ayarin, waɗanda akasarinsu suka tafi a bataliyoyinsu na asali da hafsoshinsu, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka mutu. Cikin 'yan Birtaniya, waɗanda aka tsinto daga ɓangarori daban-daban har da marasa lafiya don a cika adadi, wajen kashi 60 cikin 100 ne suka mutu. Na yarda da wannan hujja baki ɗaya, amma a dubi abin da take nunawa. Zumuncin gari yana ceto ne idan an bar mutanen gari tare, Japanawa kuwa adadi suke nema, su ce a ba su mutum 600 gobe, a tsinka bataliya gida-gida a watsa ta sansani goma. Amfanin tsarin ya dogara ga abin da mai kamu ya ga dama. Haɗarinsa kuwa yana nan cikakke a kan ƙauye, ko an raba su ko ba a raba ba. Birtaniya ma ba ta rasa darasi ba. A 1 ga Yuli 1916, a Somme, bataliyar abokai ta garin Accrington ta rasa fiye da mutum 500 tsakanin matattu da masu rauni a safiya ɗaya, ba a kuma ƙara kafa irin waɗannan bataliyoyi ba. A 1939 gaggawa ta sa aka sake bin hanyar da ta fi sauƙi. Runduna ta sami sojoji masu jin kunyar gudu a gaban ɗan garinsu, ƙauye ya ɗauki cacar, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Wani kuma zai ce ana ƙara gishiri, domin kafin a tashi an cika bataliyoyin da kuratan dole daga Landan da wasu larduna, kuma manyan birane sun fi ƙauyuka yawan matattu, ga ruwan bama-bamai da suka sha. Haka ne, ba kowane soja mai alamar Norfolk a hula ne ɗan Norfolk ba. Sai dai asara ana auna ta ne da abin da mutum yake da shi. A ce ƙauye mai mutum 400 ya rasa labarin samari shida a rana ɗaya, to ya rasa wani yanki babba na waɗanda za su yi huɗa, su yi aure, su gaji gidajen haya na gona. Gonar kuwa ba ta jira. An cike gurbinsu da 'yan matan rundunar noma, sannan daga 1941 da fursunonin yaƙi na Italiya, daga baya da na Jamus, waɗanda aka kafa wa sansanoni a wannan yanki. Ga fursunan abokan gaba nan a gonar da ɗanka yake aiki a da, ana ba shi abinci bisa doka, ana biyansa ɗan lada, yana rubuta wasiƙa gida. Abin yabo ne ga ƙasar da ta kiyaye yarjejeniya, kuma abu ne mai ciwo ga tsohon da ke kallonsa kullum bai san ko nasa ya ci abinci ba. Lissafin ƙasa baki ɗaya ba shi da layin da zai rubuta wannan.

Dawowar ma ba ta kwance ɗaurin ba. An yi shagalin ƙarshen yaƙi a Turai ranar 8 ga Mayu 1945, alhali waɗannan gidaje suna da sauran wata uku kafin Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga Agusta, da wasu makonni kafin a san wa ya rage. Daga Oktoba jiragen ruwa suka fara sauke su a Liverpool da Southampton. An gargaɗe su kada su yi magana da 'yan jarida ko su bayyana wa iyalan matattu yadda nasu suka mutu, an kuma shawarci iyalai kada su dame su da tambaya. A birni ana iya kiyaye irin wannan shiru, a ƙauye kuwa nauyi ne na kullum. Mutumin da ya ƙona gawar abokinsa a sansanin kwalara zai yi sauran rayuwarsa yana gaida uwar abokin a bakin kanti, ita tana so ta tambaya, shi yana gudun kada ta tambaya. Dutsen tunawa da ke tsakiyar ƙauye, wanda aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kuma ƙara masa sunaye bayan na Biyu, matattu kaɗai yake ɗauka. Gawa ma ba ta dawo ba, domin ƙa'idar Birtaniya a lokacin ita ce a binne soja inda ya faɗi, don haka kaburburan suna Kanchanaburi da Chungkai da Thanbyuzayat, waɗanda teku ta ci kuma sunayensu na kan bangon Kranji a Singafo. Wanda ya dawo da rai ba shi a dutse, ba shi kuma da labarin nasara da zai bayar, tunda yaƙinsa ya ƙare da miƙa wuyan da ba shi ya yanke ba. Da yawa sun dawo da zazzaɓin da ke tashi lokaci lokaci, da mugun mafarki, da wata tsutsar ciki da likitocin makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka riƙa samu a jikinsu bayan shekara talatin da ƙari. Da fim ɗin The Bridge on the River Kwai ya fito a 1957, duniya ta ɗauka ta ga labarinsu, su kuwa da yawansu ya ɓata musu rai, musamman waɗanda suka zauna ƙarƙashin Kanar Philip Toosey, hafsan Runduna ta 18 da ya shugabanci fursunoni a gadar Tamarkan, wanda suka sani da kare mutanensa.

Abin da ƙasa ta bari, mutanen wurin ne suka ɗauka, kuma a nan tsarin da ya jawo musu asarar ya yi musu rana. Tun da sun san juna, ba su sha wahalar haɗuwa ba. Ƙungiyoyin tsofaffin fursunonin Gabas Mai Nisa suka kafu gari-gari. A Wymondham ta Norfolk, Fada Malcolm Cowin, wanda ya yi limanci a sansanonin layin dogon, ya gina coci a 1952 don tunawa da waɗanda suka mutu a hannun Japan, aka ajiye littattafan sunayensu a ciki. Zanen da Ronald Searle, ɗan Cambridge da aka kama yana injiniyan soja, ya yi a ɓoye a sansani, ya zama shaidar da ba a iya musantawa. Su ne kuma suka riƙe maganar diyya. Abin da ya faɗo wa kowannensu daga yarjejeniyar sulhu da Japan ta San Francisco ta 1951 fam 76 ne da 'yan kai. A Mayu 1998, da Sarki Akihito na Japan ya ziyarci Landan, tsofaffin suka jeru a bakin hanya suka juya masa baya. A Nuwamba 2000 gwamnatin Birtaniya ta amince ta ba kowane mai rai, ko matar wanda ya rasu, fam 10,000, shekara 55 bayan an buɗe sansanonin.

Saura suka ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi, cewa duk wannan kallon ƙauyen Ingila yana rufe waɗanda suka fi kowa mutuwa a layin dogon. Bayan fursunonin yaƙi, Japan ta kwaso leburori farar hula kimanin 200,000 ko fiye: Tamilawa daga gonakin roba na Malaya, mutanen Bama, mutanen tsibirin Java, 'yan Sin, wasu da matansu da 'ya'yansu, wasu da yaudarar albashi, wasu da ƙarfi. Ana ƙiyasta wajen 90,000 daga cikinsu sun mutu, ninki bakwai na fursunonin. Sukar gaskiya ce, amma in aka bi ta sai ta dawo kan abin da nake faɗa. Me ya sa za a iya cewa 784 game da lardi ɗaya, amma game da waɗannan sai ƙiyasi? Domin fursunonin suna da hafsoshi da ke rubuta wanda ya mutu da inda aka binne shi, suna ɓoye takardun, wani lokaci a cikin kabari, a gida kuma akwai gundumar da ke da sunan kowa tun ranar haihuwarsa, ta san wanda bai dawo ba. Leburan Tamil da aka ɗauko daga gonar Bature ba shi da ɗaya daga cikin biyun. Shi ma yana da ƙauye, yana da uwar da ta jira, abin da ya rasa shi ne littafi da mai riƙe shi. Mu ma wannan ya shafe mu, domin a wannan yaƙi dubban 'yan arewacin Nijeriya sun yi yaƙin Bama a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da Arakan. Sunayen waɗansu da suka mutu suna maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, amma da wuya ka sami gundumar da ke da jerin 'ya'yanta da suka tafi da waɗanda suka dawo.

Rabon diyyar ma ya bi wannan sahu. Sojojin Gurkha na Nepal da aka kama a yaƙi ɗaya, ƙarƙashin tuta ɗaya, an fara cire su daga tsarin fam 10,000, sai da suka kai ƙara babbar kotun Landan suka yi nasara a Nuwamba 2002. Indiyawa wajen 40,000 da suka shiga hannu a Singafo, waɗanda aka kai dubbansu aikin tilas a tsibiran Niugini suka mutu da yawa a can, tsarin bai haɗa da su ba, haka ma leburorin layin dogon da iyalansu.